Me ya sa da ka ji kiɗan nan sai ka ce Faransa?

Ƙanwata tana sana'ar kek da donat a gida, kuma kaman yadda kowa yake yi yanzu sai ta ɗauki bidiyo ta ɗora a TikTok da Instagram dan masu saye su gani. Ranar nan bayan la'asar ina zaune a falo ita kuma tana gefe da waya tana ta gwada kiɗan da za ta ɗora a kan bidiyon wani kek da ta gama yi wa ado, ta sa wannan ta cire, ta sa wancan ta cire, can sai wani ya taso, ko sakan biyar bai yi ba na ce mata wannan ai kiɗan Faransa ne. Ta ɗago ta ce, "Yaya ta ya ka gane, ba wanda ya yi magana a ciki fa, kiɗa ne zalla." Na buɗe baki zan ba ta amsa sai na ga abin ya fi ƙarfin magana ɗaya, dan ni na daɗe ina son kiɗan nan ina bin tarihinsa, kuma labarin yana da tsawo.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu in an duba. Ko idonka a rufe yake ka ji algaita da tambari ka san fada ce, ka san sarki ya fito ko zai fito, ba sai an gaya maka ba. Kunne yana da tasa haddar, yana haɗa sauti da wuri. Bambancin kawai shi ne mu mun ga fadar da idonmu, amma yawancin masu cewa "wannan kiɗan Faransa ne" ba su taɓa taka Faris ba, wani ne ya koya wa kunnensu. To waye, kuma da me ya koya masa.

Mu fara da abin kiɗan da kansa, akodiyon. Shi ne wanda ake rataya wa a kafaɗa a rungume a ƙirji, tsakiyarsa kaman zugazugin maƙera, ana ja ana matsewa, iska tana bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe da ke ciki suna kaɗawa suna ba da sauti. Hannun dama yana fitar da zaƙin waƙar, hannun hagu yana danna maɓallan da ke riƙe da nauyin kiɗan. Amma ai akodiyon yana ko'ina, Jamusawa suna da shi, mutanen Kolombiya da Meziko suna da shi, kuma nasu ba ya sa ka tuna Faris. Sirrin na Faransa yana cikin yadda ake saita harsunan nan. Duk maɓalli ɗaya da ka danna ba harshe ɗaya yake kaɗawa ba, biyu ne ko uku, kuma da gangan ake ƙin daidaita su cif, ɗaya a sa shi daidai, ɗaya a ɗaga shi sama kaɗan, in na uku ne a sauke shi ƙasa kaɗan. Misali ɗaya yana kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya, ɗan'uwansa sau 445, to wannan tazarar ta 5 ita kunne yake ji kaman sautin yana rawa sau 5 a kowane sakan. Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar da janareta biyu suke aiki kusa da juna ya san abin da nake nufi, za ka ji ƙarar tana hawa tana sauka wuwu wuwu alhali kowanne injin a tsaye yake a kan ƙararsa. To haka abin yake, sai dai a akodiyon ya zama zaƙi, sautin yana karkarwa kaman muryar mutumin da yake magana yana danne kuka. Wannan saitin shi ake kira musette, kuma shi ne abu na farko da kunnena ya kama a wayar ƙanwata.

Na biyu shi ne takun kiɗan. Uku-uku ne, ɗaya mai nauyi biyu marasa nauyi, bum cak cak, bum cak cak, irin na rawar da mutum biyu suke riƙe juna suna jujjuyawa. Shi ya sa in kana saurara sai ka ji kaman ɗakin ne yake zagayawa a hankali.

Yanzu ga inda labarin ya fi min daɗi, wato su waye suka kawo shi. A ƙarni na 19 akwai mutanen wani yanki mai tsaunuka da talauci a tsakiyar Faransa da ake kira Auvergne, suna tahowa Faris neman kuɗi, cin rani dai sak irin wanda muka sani. Aikinsu na farko ga-ruwa ne, su ɗebo ruwa su hau da shi benaye, da famfo ya shiga gidaje sai suka koma sayar da gawayi da itace da giya a ƙananan shaguna. Suka tattaru a unguwar Bastille, musamman wani siririn layi da ake kira rue de Lappe, kuma da dare in an tashi aiki sai a ture tebura a bayan shago a yi rawa irin ta gida. Abin kiɗansu ba akodiyon ba ne ma, wata jakar fatar akuya ce mai bututu da ake matsewa a hammata, suna ce mata cabrette ko musette, daga nan sunan gidajen rawar ya fito, bal musette. Sai ga Italiyawa su ma talauci ya koro su zuwa ƙarshen ƙarnin, suka sauka a unguwanni ɗaya da su, su kuma da akodiyon suka zo, abin da tun 1829 wani Cyrill Demian ya yi masa rajista a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba fa, masu jakar fata sun ga abincinsu ne za a ƙwace, an yi rigima sosai. Labarin sulhun da aka fi bayarwa shi ne na Antoine Bouscatel, gwanin cabrette mai gidan rawa a layin nan, da wani saurayi ɗan asalin Italiya Charles Péguri da ya zo da akodiyonsa a farkon shekarun 1900 suka yi kiɗa tare jama'a suka so, daga baya ma saurayin ya auri 'yar Bouscatel. A hankali akodiyon ya cinye filin gaba ɗaya, jakar fata ta koma ƙauye, amma sunanta ya zauna a kan kiɗan har yau.

Kuma kar ka ɗauka wajen manyan mutane ne. Leburori ne da masu wanki da 'yan aikin gida da 'yan daban unguwa, rawa ma kuɗinta ake biya ɗaya bayan ɗaya, ana tsakiyar juyi sai a tsai da kiɗa mai gida ya zagaya ya karɓi kwabban kowa sannan a ci gaba. Masu hali suna yi wa akodiyon irin kallon da wasu suke yi wa goge a wajenmu, abin kiɗan gidan da mutumin kirki ba ya so a gan shi. Sai daga baya da abin ya zama yayi su ma suka fara zuwa kallo, har aka buɗe gidan Balajo a layin a tsakiyar shekarun 1930. Duk lokacin da na ji an ɗora kiɗan nan a kan tallan turare mai tsada ina tuna 'yan ga-ruwan nan da masu gawayi, dan nasu ne tun asali, kuma ina ganin sun cancanci a san haka.

Daga cikin gidajen rawar nan wani yaro ya taso da ya ƙara wa kiɗan wani launi, Django Reinhardt. An haife shi a 1910 a Beljiyam, ɗan ƙabilar Manush ne, reshen wata al'umma da ake kira Roma (ba birnin Roma na Italiya ba) masu yawo a keken doki suna sauka a bayan gari, mutanen da Turai ta daɗe tana wulaƙantawa. Tun yana ƙarami yake kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin jita, a bayan masu akodiyon. A 1928 yana ɗan shekara 18 gobara ta tashi a keken da suke kwana, kyandir ne ya kama furannin roba da matarsa take yi na sayarwa, ya ƙone sosai, yatsu biyu na hannunsa na hagu, ƙaramin da na kusa da shi, suka shanye. Ka duba hannunka na hagu yanzu ka lanƙwashe yatsu biyun nan, abin da ya rage manuni da na tsakiya, da su biyun nan ya sake koyon jita daga farko yake gudu a kan tsirkiya gudun da masu yatsu cikakku har yau suke wahalar kwaikwayo. A 1934 shi da mai goge irin na Turawa Stéphane Grappelli, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Italiya ne, suka kafa ƙungiyar mutum biyar, jita uku, goge ɗaya da babban goge mai kaurin murya ɗaya, babu ganga ko ɗaya. Jitocin baya su ne gangar, suna sara cak cak cak cak ba tsayawa. Jaz ɗin baƙaƙen fatar Amurka ne ya haɗu da kiɗan Roma da na bal musette, kuma yau in fim yana so ya nuna maka shagon shan kofi a bakin titi a Faris, in ba akodiyon ya sa ba to wannan jitar ce.

Sai murya. Faransawa suna da abin da suke kira chanson, ma'anarta waƙa kawai, amma a wajensu tana nufin waƙar da kalma take gaba kiɗa yana biye, kaman dai yadda mu ma muke auna mawaƙi da azancin maganarsa kafin gangarsa. Harshen nasu ma yana taimakawa, gaɓoɓinsa kusan tsawonsu ɗaya suna gangarowa a jere nauyi sai a ƙarshen jimla, ga wasulan da ake fitarwa ta hanci, ga harafin r da yake fitowa daga maƙogwaro, shi ya sa ko ba ka jin ko kalma ɗaya za ka ji waƙar kaman mutum ne yake ba ka labari a kusa da kunnenka. Wadda duniya ta fi sani a nan ita ce Édith Piaf, an haife ta a 1915 a unguwar talakawa ta Belleville, babanta ɗan wasan tsalle-tsalle ne a bakin titi, ita ma a titi ta fara waƙa ana jefa mata kwabbai har wani mai gidan rawa Louis Leplée ya tsince ta a 1935. Piaf ba sunanta na yanka ba ne, laƙabi ne, a bakin 'yan Faris yana nufin ɗan tsuntsun nan gwara, dan 'yar mitsitsiya ce tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba, kullum cikin baƙar riga, amma in ta buɗe baki sai ka rasa daga ina muryar take fitowa. Ta rasu a 1963 tana da shekara 47.

Abin da yake damuna kaɗan shi ne yadda ake ɗaukar waƙoƙin nan a matsayin kiɗan nishaɗi da soyayya mai daɗi kawai, alhali da yawansu kuka ne. Talauci, maye, masoyin da ya tafi bai dawo ba, uwa da ta rasa ɗa. Akwai wata waƙar Piaf ta 1940 a kan wata mace mai zaman kanta da take son wani mai kaɗa akodiyon, aka ɗauke shi soja ya tafi yaƙi shi ke nan, kuma shekarar nan ce sojojin Jamus suka shiga Faris. Wato karkarwar nan da muka ce tana cikin harsunan ƙarfe tana cikin maganar ma. Ni a ganina wannan ne ainihin yanayin da mutane suke ji suna kasa ba shi suna, daɗi ne da baƙin ciki a kwano ɗaya, kana murmushi ƙirjinka yana maka nauyi.

In ka bi sunayen manyan chanson ɗin nan kuwa sai ka sha mamaki. Charles Aznavour iyayensa 'yan Armeniya ne da suka yi gudun hijira. Jacques Brel ɗan Beljiyam ne. Yves Montand a Italiya aka haife shi. Dalida a Alƙahira ta tashi, Georges Moustaki a Iskandariya. Kai ko kiɗan rawar nan ta ɗaga ƙafa da ake dangantawa da gidan rawar Moulin Rouge na Faris, Jacques Offenbach ne ya tsara shi a 1858, shi kuma haifaffen Kolon ne a Jamus.

Akwai wani reshen daban da ba ruwansa da gidan rawa, na fiyano mai sanyi da ake sa wa a bidiyon ruwan sama ko na karatu da dare. Wannan na su Erik Satie da Claude Debussy ne. Satie ya yi shahararrun kiɗansa guda uku masu tafiyar hawainiya a 1888, lokacin yana kaɗa fiyano a gidajen shaƙatawa na unguwar Montmartre a Faris dan ya ci abinci. Debussy kuma salonsa shi ne ya ƙi kai ka gida da wuri, sautin yana shawagi ba ya sauka inda kunne yake jira, kaman hazo da safe. Kuma shi ma ya sha daga waje, a babban bajekolin Faris na 1889, wanda saboda shi aka gina hasumiyar Eiffel, ya ji makaɗan tsibirin Jaba na Indunusiya suna buga kayan kiɗansu na tagulla, abin ya zauna masa a rai har ya fito a aikinsa.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu dan ba zan iya tsallake shi ba. A bajekolin nan an baje har mutanen ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka ana zuwa kallonsu. Kuma zamanin da Faransawa suke kira kyakkyawan zamani, lokacin da ake juyi a rue de Lappe, shi ne lokacin da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, shekarar da Damagaram ma ta faɗa hannun Faransawa. Shi ya sa ɗan Maraɗi ko Zinder in ya ji ana zuzuta daɗin Faransa ya ɗaure fuska ni ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Ni dai da na san makaɗan nan su waye sai na iya riƙe abu biyun tare, dan mai gawayi daga Auvergne da yaron Manush mai ƙonannen hannu ba su ne suke zaune a ofishin da ake raba Afirka ba, su ma a ƙasan tebur suke.

To ya aka yi kiɗan lungu ya zama tambarin ƙasa guda? Fim ne da talla. A Faransa kanta akodiyon ya fara tsufa tun shekarun 1960 da matasa suka koma kiɗan jita mai lantarki irin na Amurka da Ingila, ya zama abin tsofaffi da bikin ƙauye, duk da irin su Yvette Horner da ta bi gasar tseren keke ta Tour de France sau 11 tana kaɗawa a saman mota gari gari. Amma masu shirya fim, musamman na Amurka, sun gano cewa in suna so mai kallo ya san an iso Faris ba sai sun ɓata lokaci ba, hasumiya a hoto akodiyon a kunne, an gama. Aka yi ta maimaitawa har kunnen duniya ya haddace. Sai fim ɗin Amélie na 2001 ya zo ya sabunta abin ga 'yan zamaninmu, kiɗan Yann Tiersen, akodiyon da fiyano da 'yar fiyanon wasan yara, kuma yawancin kiɗan da ake ɗorawa a bidiyon kek da burodi yau 'ya'yan wannan ne. Shi Tiersen ɗin ba ɗan Faris ba ne, daga Brest yake can gaɓar teku a yankin Bretagne, kuma da yawa daga cikin kiɗan ya riga ya fitar da su a faifansa tun kafin a yi fim ɗin. Tun a lokacin ma wasu masu sharhi a Faransa sun soki fim ɗin cewa ya wanke unguwar da labarin ya faru a cikinta tas ya nuna Faris ɗin da babu ita. Ko fim ɗin katun na ɓeran nan mai girki na 2007 da yara suke so, wanda kiɗansa yake ƙamshin Faris, Ba'amurke ne ya tsara shi, Michael Giacchino.

In ka shiga motar haya a Faris yau ko ka bi ta gaban shagon aski a unguwannin bayan gari, abin da za ka ji rap ne da kiɗan da jijiyarsa take Kinshasa da Abijan da Bamako da Aljeriya. Tun 1996 doka ta wajabta wa gidajen rediyo su ba waƙoƙin harshen Faransanci kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin da suke sakawa, an yi ta ne dan kare harshen daga Ingilishi, kuma cikin waɗanda suka cika gurbin har da 'ya'yan baƙi masu rap. MC Solaar a Dakar aka haife shi iyayensa 'yan Chadi, Gims a Kinshasa, Aya Nakamura a Bamako a 1995.

Ita Aya ɗin ce ma aka yi ta rigima a kanta a 2024, da aka ji ƙishin-ƙishin za ta yi waƙa a bikin buɗe gasar Olamfik, masu ƙyamar baƙi suka tashi wai ba ta wakiltar Faransa, wai Faransancinta na titi ne, har da masu ɗaga ƙyalle suna gaya mata nan ba kasuwar Bamako ba ce. Ranar 26 ga Yuli ta fito cikin kaya masu ruwan zinare daga ginin da cibiyar kula da harshen Faransanci take, wadda aka kafa tun 1635, ta tako kan gadar Pont des Arts tana haɗa waƙoƙinta da ta Aznavour ɗan Armeniyawan nan, makaɗan badujalar sojan fadar ƙasa suka kewaye ta suna busa suna rausaya tare da ita. Da dare ya yi kuma ruwan sama yana zuba, Céline Dion, 'yar Kanada, ta tsaya a kan hasumiyar Eiffel ta rufe bikin da waƙar Piaf.

Na nuna wa ƙanwata bidiyon gadar nan a daren da muka yi maganar, ta kalla sau biyu, sannan ta koma kan kek ɗinta ta bar akodiyon ɗin a kai dan ta ce shi ya fi dacewa da adon, sai dai ta sa abin kunne ta ƙara sauti tana neman karkarwar nan da na ce mata, can ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya na ji shi, wallahi rawa yake yi."